Kwalbar da Ta Yi Kama da Magani

Yaro a Bagwai, tun bai iya riƙe fartanya ba, ya sha jin gargaɗin uwarsa: kada ka sha abin da ba ka san wanda ya dama ba. Tsoron sammu ke nan, wanda ake cewa a kunu ko a fura ake zubawa. To, wannan tsoron ne wasu Amurkawa suka mayar wasa, har da dokoki a littafi.

Sunan wasan Dungeons & Dragons, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a 1974. In kana neman kwatancinsa, tuna tatsuniyar dare a tsakar gida lokacin kaka, sai dai a nan masu sauraro ba sa cewa "ta zo mu ji ta" su yi tsit. Mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki jaruminsa: wannan mayaƙi, wancan boka, wani ɓarawo. Mai labari ya ce kun shiga kogo, kowa ya faɗi abin da zai yi, a jefa ƙwaya irin ta ludo mai fuska 20, lambar da ta fito ta raba gardama. Ba a zuba kuɗi, kada a ɗauka caca ce.

Ran kowane jarumi lamba ce a takarda. An sare shi, a rage. Ta kai sifili, ya faɗi. Shi ya sa 'yan wasa ke rububin kwalbar magani, wani jan ruwa da a bugu na biyar, na 2014, yake mayar da maki 4 zuwa 10. A littafin kuma akwai tagwainiyarta. Launi ɗaya, ƙamshi ɗaya, ɗanɗano ɗaya, amma guba ce aka lulluɓe da sihiri. Ka ɗauka jaruminka na jina-jina, saura maki 5, ya buɗe akwati ya ga kwalba. Wa zai tsaya bincike? Ya kwankwaɗa, mai labari ya yi murmushi ya jefa ƙwaya uku masu fuska 6, a zabge masa maki 3 zuwa 18. In jikinsa bai jure ba, gubar ta ci gaba da cinsa duk zagayowar layi.

Akwai hanyar tona asirinta kafin a sha, kuma nan ne na yi dariya. Bokan tawaga zai yi tsafin gane abu, sai dai sai ya tanadi lu'ulu'u na zinare 100 da gashin mujiya. Gashin mujiya fa! Ashe boka ko na Turawa ne ba ya aiki a banza.

A shekarun 1980 wasu iyaye a Amurka sun tayar da ƙura cewa wasan koyar da tsafi yake. Ni dai na duba, lissafi da tatsuniya na gani. Mu ma ai muna da kayan aikin. Abubakar Imam tun 1934 ya tura Alhaji Imam yawon duniya neman Ruwan Bagaja don a warkar da ɗan sarki. Da matasanmu za su zauna a inuwa bayan an taso daga noman rani a Watari su mayar da labarin irin wannan wasa, na san wanda zai musanya gorar da ruwan kududdufi: Malam Zurƙe, abokin hamayyar Alhaji Imam a labarin.