Bindigar Farautar Barewa Mai Sauƙin Shuri

A Amurka da Turai, inda farautar barewa ke da lokacinta da lasisinta, wasu maharba ba sa ɗaukar bindigar kanti yadda ta zo. Sukan je wurin maƙerin bindigogi ya haɗa musu wadda ta dace da jikinsu, kuma cikin abubuwan da suke yawan nema har da rage shurin da take yi wa kafaɗa.

Wani zai ce ragwanci ne. Ba haka ba ne. Wanda bindiga ta saba duka, jikinsa kan koyi tsoro ba da saninsa ba: kafin ya gama jan kunama ya runtse ido ya zabura, sai saiti ya kauce. Harsashin da aka nufi huhu da shi ya faɗa ciki ko cinya, dabba ta tsere da rauni ta je ta mutu a wahalce. Shi ya sa nake ganin ƙaramin harsashin da ya sauka inda aka nufa ya fi ƙato wanda ya kauce.

Shuri daga nauyin harsashi yake fitowa, da gudunsa, da yawan albarushin da ya tura shi, nauyin bindigar kuma shi ke shanye wani kaso. Saboda haka daga harsashi ake fara shawara. Tsohon .30-06, wanda sojan Amurka suka fara amfani da shi a 1906, yana jefa giram 10 zuwa 12. Shi kuwa .243 Winchester, da ya fito a 1955 bayan an tsuke bakin kwanson .308, giram 6.5 ne nauyin da aka saba yi wa barewa da shi, shurinsa kuma kusan rabin na wancan ne. Aibinsa shi ne yana saurin cinye cikin bututu. A tsakaninsu akwai 7mm-08 na Remington daga 1980, da 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya ƙirƙiro a 2007, wanda ake ta yayi kamar ba a taɓa ganin irinsa ba, alhali mutanen Suwidin da Norwe suna da 6.5x55 tun 1894, har yau kuma suna kayar da dabbobin da suka ninka barewa girma da shi.

Sai dai doka na gaba da sha'awa. A Ingila da Wales, dokar barewa ta 1991 ta hana harbin manyan barewa da abin da faɗinsa bai kai inci 0.240 ba, shi ya sa .243 ya samu gindin zama a can. Jihar Ohayo a Amurka kuwa sai harsashi mai miƙaƙƙen kwanso ta yarda da shi, irin .350 Legend da Winchester ya fitar a 2019. Kalifoniya ta hana farauta da dalma tun 2019, sai harsashin da ba dalma a cikinsa, irin na jan ƙarfe, wanda ya fi na dalma tsawo a nauyi ɗaya, don haka dole maƙeri ya zaɓi bututu mai zanen ciki da zai murza shi da sauri.

Sauran aikin na gangar jikin bindigar ne. Ƙarin nauyi na kwantar da shuri, amma wanda zai wuni yana hawan tudu da ita zai ji a jikinsa. Akan yanke gindinta daidai tsawon hannun mai ita, a liƙa masa roba mai laushi. Akwai kuma ƙarfe mai huji-huji da ake ɗaurawa a baki yana karkatar da hayaƙi gefe. Yana rage shuri sosai, amma ƙararsa na lalata ji, na maharbi da na wanda ke tsaye kusa da shi. Don haka maharban Ingila suka fi karkata ga na'urar rage ƙara, wadda ke sassauta ƙara da shuri gaba ɗaya.