'Yancin da Sojoji da 'Yan Mazan Jiya Suka Fi Sanin Darajarsa

A ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara, Nijeriya kan tuna da sojojinta, waɗanda suka rasu da waɗanda ke raye. An zaɓi wannan rana ce domin a cikinta aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a shekarar 1970, bayan an fara shi a watan Yuli na 1967. Tun kafin wannan lokaci, kakanninmu da dama sun yi yaƙin Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya sojojinmu sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kongo daga 1960, da Laberiya daga 1990, sa'an nan Saliyo. Da wuya a sami gundumar da ba ta da tsohon soja ko iyalinsa.

A nan za mu yi bayani a kan ire-iren 'yancin da waɗannan bayin Allah suka fi sanin darajarsu. Dalilin kuwa a fili yake: su ne 'yancin da soja kan ajiye a ƙofar bariki ranar da ya sa kaki, domin sauran jama'a su ci moriyarsu.

Abin da doka ta tanada

Babi na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jera haƙƙoƙin kowane ɗan ƙasa, kuma soja ɗan ƙasa ne. Sai dai kundin da kansa ya ba da damar a taƙaita masa waɗansu daga ciki saboda yanayin aikinsa. Bayan dokokin da suka hau kan kowa, akwai Dokar Rundunonin Soja wadda ta hau kansa shi kaɗai, kuma a ƙarƙashinta ake gurfanar da shi gaban kotun soja idan ya saɓa. Wanda bai gamsu da hukuncin wannan kotu ba yana da damar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara.

'Yancin zirga-zirga da zama cikin iyali

Sashe na 41 ya ba kowa damar zuwa ko'ina a faɗin ƙasar nan, ya kuma zauna inda ya ga dama. Soja kuwa inda aka tura shi nan zai tafi. Ba ya barin wurin aiki sai da izini, kuma fita ba izini laifi ne da ake hukuntawa. Ana iya yin sunan ɗansa, ko auren 'yarsa, ko jana'izar mahaifinsa yana bakin daga. Saboda haka idan muka ga tsohon soja yana jin daɗin zuwa kasuwar mako ko gaisuwar dangi, mu sani ya daɗe yana begen wannan dama.

Wannan 'yanci ne kuma manoma da makiyaya suka fi jin zafin rashinsa. Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke a arewa maso gabas, da kuma matsalar 'yan bindiga a arewa maso yamma, an ga ƙauyukan da zuwa gona ya gagari mutanensu. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma babu wanda ya kai soja sanin tsadarsa.

'Yancin faɗin albarkacin baki da shiga ƙungiya

Sashe na 39 ya ba mu damar bayyana ra'ayi, amma ya yarda a kafa dokar da za ta iyakance wa jami'an tsaro wannan dama. Soja ba ya sukar shugabanninsa a bainar jama'a, ba ya shiga jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar ƙwadago, ba ya kuma yajin aiki. An yi haka ne domin rundunar ta zama ta ƙasa baki ɗaya, musamman tun da mulki ya koma hannun farar hula a ranar 29 ga Mayu, 1999.

Da zarar ya yi ritaya, waɗannan haƙƙoƙi sun dawo masa a cike. Yana iya shiga jam'iyya, ya tsaya takara, ya yi magana a taron gari. Olusegun Obasanjo a 1999 da Muhammadu Buhari a 2015 duk tsofaffin janar-janar ne da suka zama shugabannin ƙasa ta hanyar ƙuri'a. Hanyar da ta buɗe wa janar ita ce ta buɗe wa kofur mai son kujerar kansila.

'Yancin addini da daidaito

Wannan kam soja bai rasa shi ba ko a bakin aiki. A barikokinmu akwai masallatai da majami'u, akwai limamai da malaman coci masu sanye da kaki. Sashe na 217 ya kuma wajabta cewa rundunar ta ƙunshi 'yan kowane ɓangare na ƙasa. Wanda ya kwana a rami ɗaya da abokin aiki mai wani yare da wani addini ya san amfanin haƙuri da juna. Ya dace hakimai da dagatai su riƙa jawo irin waɗannan dattawa cikin zaman sulhu.

'Yancin rayuwa cikin mutunci

Duk waɗannan haƙƙoƙi ba sa cika ga wanda ba shi da abin sa wa a bakin salati. Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja ce ke biyan fansho da garatuti, kuma tun 2011 aka cire sojoji daga tsarin fansho na karo-karo. Akwai cibiyar koyar da sana'o'i ga sojoji masu shirin ritaya a Oshodi ta Jihar Legas. Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Nijeriya kuma tana da rassa a jihohi.

Nauyin da ke kanmu

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarautun gargajiya su san adadin tsofaffin sojoji da matan waɗanda suka rasu a yankunansu. A isar musu da sanarwar tantance 'yan fansho a kan lokaci, a taimaki marasa lafiya da waɗanda ba sa karatu wajen haɗa takardunsu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallakar fili a karkara, don haka a saurari wanda ya dawo ya tarar an shiga gonar gadonsa. Fansho haƙƙi ne. Kada kowa ya ba wani ko kwabo da sunan zai fito masa da shi.

Su ma 'yan mazan jiya muna tunatar da su cewa a gari dokar farar hula ce ke aiki, kuma ana sa ran su zama abin koyi ga matasa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya kare waɗanda ke bakin aiki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.