Ko Kun Sani?

Tun 1987 likitoci a birnin Grenoble na Faransa suke dasa siririyar waya can cikin ƙwaƙwalwa don kwantar da karkarwar jiki. Wayar tana aika bugun lantarki kusan sau 130 a daƙiƙa guda. Magani ya ci, amma an daɗe ana gardama kan dalili. Da yawa sun ɗauka lantarkin rufe bakin ƙwayoyin jijiya yake yi. A 2004 wasu masana lissafi biyu a Amurka, Jonathan Rubin da David Terman, suka kwaikwayi ƙwaƙwalwar mai cutar Parkinson, wadda ke jawo irin wannan karkarwa, a kwamfuta. Lissafinsu ya nuna akasin haka: ƙwayoyin ƙara sauri suke yi, amma da bugu iri ɗaya, sai hargitsin ya lafa, saƙon motsi ya samu wucewa.