Kafin ka jona: lambobin bayan na'ura da za su tsare maka jari

Wani abokina mai shagon aski ya yi wata uku yana jiran saƙo daga yayansa da ke Amurka: kilifa biyu sababbi dal da na'urar busar da gashi. Ranar da kayan suka iso har bidiyo ya ɗora a WhatsApp. Da ya ga fulogin mai siraran haƙora biyu ne, ba ya shiga soket ɗin shagon, sai ya aiki yaro ya sayo masa 'yar ƙaramar adafta a bakin titi. Ya jona na'urar busar da gashin, ya kunna. Ta yi wata irin ƙara, sai ƙauri, sai hayaƙi. Ko kan mutum ɗaya ba ta busar ba.

Abin da ya fara cewa shi ne, "Nepa ce ta kawo wuta da ƙarfi." Amma wannan karon ba ruwan Nepa. A jikin na'urar an rubuta da ƙananan baƙaƙe: 120V 60Hz. Wutar da ke soket ɗinsa kuwa 230V 50Hz ce. Na'urar da ke dumama ƙarfe, idan aka yi ta don 120 ka ba ta 230, zafin da za ta yi ya kusa ninki huɗu. Adaftar da ya saya ba ta rage wuta ko ɗigo, haƙoran fulogi kawai ta sauya.

Yau matasa da yawa da na'ura suke cin abinci: mai aski, mai keken ɗinki, mai POS, mai cajin waya, mai firizar ƙanƙara, mai haɗa bidiyo da kwamfuta. Jarin da aka tara da adashi ko aka ranto wajen 'yan'uwa, daƙiƙa biyu sun isa ya tafi. Abin takaicin shi ne, duk bayanin da zai hana hakan yana rubuce a jikin kayan.

Kowace ƙasa da irin wutarta

Ƙarfin wuta ana auna shi da bolt, ana rubuta shi da harafin V. Najeriya da Ingila da Dubai 230 suke amfani da ita, Caina 220, don haka kayansu sukan yi daidai da namu. Amurka da Kanada 120 ce, Japan kuwa 100. Ke nan kayan gwanjo da tsarabar 'yan'uwa daga waɗannan ƙasashen su ne abin lura.

Ka juya na'urar ko cajarta, ka nemi inda aka rubuta INPUT. Idan ka ga 100-240V 50/60Hz, alhamdulillahi, wannan a ko'ina za ta yi aiki, ƙaramar adaftar fulogi ta ishe ka. Yawancin cajojin waya da na laftof haka suke. Idan kuwa 110V ko 120V kaɗai ka gani, kada ka kuskura ka jona sai ka samo taransifoma mai rage wuta, wadda 'yan kasuwa ke kira sitef-dawun.

Sai lamba ta biyu da mutane ba sa dubawa, wato Hz, yawan kai-komon da wuta ke yi a daƙiƙa ɗaya. Tamu 50 ce, ta Amurka da Saudiyya 60. Taransifoma tana sauya bolt, amma ba ta taɓa Hz. Injin da aka yi don 60, idan ya samu 50 gudunsa yana raguwa da kashi ɗaya cikin shida, kuma yakan yi zafi. Shi ya sa kilifar abokina, bayan ya sayo sitef-dawun, ba ta ƙone ba amma ƙararta ta hana kwastoma sakat. Irin kilifar da ke karkarwa da maganaɗisu da bugun wutar take tafiya. Wadda ake yi wa caji ba ta da wannan matsalar.

Caja: bolt daidai, amfiya ko ta fi

Cajar laftof ɗinka ta ɓata, ko adaftar na'urar intanet ta mutu. Ka je kasuwa, mai shago ya zaro wata ya cusa, ya ce, "Ga shi nan, oga, ta shiga." Shiga daban, dacewa daban. A nan layin OUTPUT za ka duba, abu huɗu ne:

Na farko, bolt. Dole ya zo daidai. Na'urar da ke son 12V kada ka ba ta 19V don bakin ya shiga.

Na biyu, amfiya, harafin A. Wannan shi ne yawan wutar da caja za ta iya bayarwa, kuma a nan mutane suka fi ruɗewa. Idan na'ura tana son 1A ka ba ta adaftar 2A, babu komai, abin da take buƙata kaɗai za ta ja. Matsalar ita ce ka ba ta ƙasa da buƙatarta: adaftar ta riƙa zafi, na'urar ta riƙa ɗaukewa, wata rana ta mutu gaba ɗaya.

Na uku, AC ko DC. Yawancin adaftoci DC suke fitarwa, amma akwai masu fitar da AC, kuma ba a musanya su.

Na huɗu, ɗan zanen nan mai alamar + da − kusa da lambobin. Yana nuna wanne ne a tsakiyar bakin cajar. Galibi + ne a tsakiya, amma wasu kayan kiɗa akasin haka suke. Idan ka juya, kana iya ƙona na'urar nan take.

Lissafin da zai taimake ka kullum: bolt sau amfiya shi ne wat, harafin W. Cajar da aka rubuta wa 19.5V 3.34A, wat 65 ke nan. Idan laftof ɗinka mai wat 90 ne, wannan cajar ta yi masa kaɗan. Cajoji masu bakin USB-C sun ɗan sauƙaƙa abin, domin su da na'urar ke daidaitawa kan bolt ɗin da ya dace, amma wat ɗin dai sai ka duba.

Taransifoma da sitabilaiza: kada ka saya cif-cif

A jikin sitabilaiza da sitef-dawun da janareta za ka fi ganin VA ko kVA, ba W ba. Ba abu ɗaya ba ne. A ƙiyasin da masu aikin wuta ke bi, 1000VA ka ɗauke ta kamar wat 800. To ka tara wat ɗin duk abin da za ka jona, ka ƙara aƙalla rubu'i a kai, sannan ka nemi wadda ta kai.

Wannan lissafin na fitilu da talabijin da kwamfuta ne. Duk abin da ke da injin da ke juyawa, kamar firiza, famfon tura ruwa, na'urar sanyaya ɗaki ko injin markaɗe, lokacin tashi yana jan wuta ninki uku ko fiye na abin da yake ci in ya daidaita. Shi ya sa za ka ga ƙaramin janareta yana ɗaukar fitilu da fanka lafiya lau, amma firiza na tashi ya shaƙe. Ga irin waɗannan, lissafin tashi ake yi, ba na tafiya ba.

Ka kuma duba iyakar da sitabilaiza ke iya ɗagowa. Wata daga 140V take farawa, wata daga ƙasa da haka. A unguwar da wuta ke zuwa kamar kyandir, wadda ba ta kai ƙasa ba kashe kanta za ta riƙa yi. Sannan duk lokacin da wutar ta yi ƙasa sosai, nauyin da sitabilaiza ke iya ɗauka ma raguwa yake yi.

Masu sola da inbata kuma, ku tambayi irin wutar da inbatar ke fitarwa. Masu araha da yawa wutarsu ba sumul take ba, tana sa fanka gurnani, injin firiza ya yi zafi. Kayan da ke da inji sun fi son wadda aka rubuta wa pure sine wave.

Wanda zai sayi babban injin masana'anta, na niƙa ko na walda ko na buga bulo, tambayar farko ita ce: layi ɗaya yake sha ko layi uku? Injin layi uku wajen 400V yake so, ba a jona shi a soket ɗin gida. Shi kansa fulogin gida mai haƙora uku iyakarsa 13A, wajen wat 3,000. Abin da ya wuce nan aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, ba na bidiyon TikTok ba.

A gaban mai shago

Kafin ka fita, ɗauki hoton lambobin da ke jikin na'urar da wayarka, ko ka tafi da tsohuwar cajar. Ka ɗaga taransifomar ka ji nauyinta, domin ƙarfe da naɗin waya ne a ciki. Wadda aka rubuta wa babbar lamba amma ta yi sakayau, ka yi shakkarta. Ka tambaya naɗin na jan ƙarfe ne ko na alminiyom. Ka sa a gwada a gabanka da mita, ka karɓi rasit. In ka kai gida ka ji caja ta yi zafin da ba ka iya riƙe ta, ko tana ƙauri, cire ta. Irin wannan sakacin kan jawo gobara, musamman in an bar kaya a jone an kulle shago. Araha dai ba ta ado.

Abokina yanzu kilifa mai caji yake aiki da ita. Na'urar busar da gashin da ta ƙone kuwa tana nan rataye a bangon shagon, ya ce ba zai yar ba. Duk yaron da ya zo koyon aski, ita yake fara miƙa masa, ya ce, "Juya bayanta, karanta min abin da aka rubuta."