Abin da ke sa kaya lalacewa a mota tsakanin Sinnar da kan iyaka

Ɗan kasuwar da ya ɗauko kankana, ayaba ko man riɗi daga Maiwurno ko Sinja, ya bi ta Wad Madani da Gadarif zuwa Galabat a iyakar Habasha, ya san cewa wani lokaci asarar da ake yi a hanya takan fi kuɗin mota. Akan ɗora laifin a kan gargada, amma masana kimiyya sun ce da sauran magana.

A cewarsu, babbar mota tamkar lilo uku ce da aka ɗaure wuri guda. Taya na tsalle a kan iskar da ke cikinta, bodi na tsalle a kan sifirin, kaya kuma na tsalle a kan bodi. Da ɗaya ya motsa sai ya miƙa wa ɗan'uwansa. Tun a 1665 wani masani ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ya lura da cewa agogo biyu masu lilo da aka rataye a katako ɗaya sukan daidaita bugunsu, domin katakon na kai motsin wannan ga wancan.

Kowane lilo na da nasa saurin. Taya takan yi tsalle kimanin sau 10 a daƙiƙa. Idan tsakanin tudun gargada da na gabansa mita ɗaya ne, motar da ke gudun kilomita 36 a awa za ta haye tudu 10 a daƙiƙa. Nan ne bugun hanya ke dacewa da tsallen taya, kamar mai tura yaro a lilo daidai lokacin da ya dawo, sai jijjiga ta yi ta ƙaruwa har taya ta riƙa barin ƙasa.

Aikin shokazoba shi ne kashe wannan tsalle. Tana matsa mai ta ƙananan kafofi, ƙarfin motsin ya koma zafi. Saboda haka bayan doguwar tafiya a sa yaron mota ya kai hannu kusa da ita a hankali. Idan da ɗumi tana aiki, idan kuwa ta fi sauran sanyi to ta mutu, kuma kaya ne za su shanye abin da ta kasa shanyewa.

Haka batun karo yake. Ƙarfin da ke tare da mota ba ya ɓacewa, sai dai ya tafi wajen lanƙwasa ƙarfe da fasa kaya. Idan gudu ya tashi daga kilomita 40 zuwa 80, ƙarfin yakan ninka sau huɗu ne. Kuma ko mota ta tsaya, buhun da ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya har ya daki na gabansa. Man da ke cikin rabin jarka ko rabin tanka ma haka yake, yana kai-komo yana tura mota.

Don haka a cika jarka sosai, a bar ɗan wurin iska kawai. A sa kaya masu nauyi ƙasa, masu fashewa kuma a tsakiyar bodi, domin ƙarshen baya ya fi cilli. A shimfiɗa ciyawa ko buhunan wofi tsakanin kankana, sannan a tamke igiya da kyau. Kafin a yi ciniki da direba, a duba shokazobarsa tukuna.