Me Ya Sa Garkuwar Jikin Jariri Take Ja Da Baya?

A darasin kimiyya mun koyi cewa idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, fararen ƙwayoyin jini sukan ƙera makaman da ake kira antibodi su kama ta. Amma jikin sabon jariri ba ya ƙera su da yawa, shi ya sa ɗan ciwo kaɗan kan kwantar da shi. Da yawanmu mun ɗauka ƙarfi ne kawai bai zo ba tukuna. Jariran ɓeraye sun nuna akwai wani dalilin.

Tun a shekarun 1970 masana suka ɗebo ƙwayoyin halitta daga saifar jaririn ɓera, suka gauraya su da na babban ɓera. Sai na babban ma suka rage ƙera antibodi. Ashe a jikin jaririn akwai masu taka wa sojojin jiki burki da gangan!

A 2013 masu bincike a asibitin yara na Sinsinati a Amurka suka gano ɗaya daga cikin masu taka burkin: jajayen ƙwayoyin jini ne da ba su gama nuna ba. Suna da yawa a jikin jaririn ɓera, akwai su kuma a jinin cibiyar jaririn mutum. Sukan lalata wani sinadari da sojojin jiki ke buƙata, sai aikin sojojin ya yi sanyi.

Da masanan suka rage waɗannan ƙwayoyi, jariran ɓerayen sun fi iya yaƙar cuta, amma garkuwar ta tayar da kumburi a hanjinsu. A nan ne abin ya fi burge mu. Da zarar an haifi jariri, ƙwayoyi masu amfani sukan fara shiga hanjinsa su zauna, su ne za su taya shi narkar da abinci. Idan sojojin suka far musu kamar maƙiya, hanjin ne zai sha wahala.

To wa ke tsaron jariri kafin burkin ya saki? Uwarsa. Takan ba shi nata antibodin tun yana ciki, ta ƙara masa a nono, musamman dakashi, wanda wasu ke matsewa su zubar. Don haka idan aka yi mana ƙani ko ƙanwa, mu wanke hannu da sabulu kafin mu ɗauke shi, mai mura kuma ya haƙura da ɗauka sai ya warke.