Ƙurar da Ido Ba Ya Gani

Mutumin Kurawa zai iya cewa maganar hayaƙin masana'antu ba tasa ba ce, tunda daga Sabon Birni har Isa babu kamfani mai dogon bututu. Amma samarinmu masu zuwa cin rani wuraren haƙar zinari da fasa dutse suna dawo mana da ƙurar a rigunansu da ƙirazansu, ga kuma janareta da injin niƙa a ƙofar gida.

Ƙura suna ta tara. Mai kauri, gashin hanci da majina suna tare ta, a yi atishawa ko kaki ta fita. Muguwar ita ce wadda masana ke kira PM2.5, wadda sai an jera kusan 30 kafin su cika faɗin silin gashi ɗaya. Daga hayaƙin dizal da ƙona tayoyi da murhun masana'antu take fitowa. Tana zarcewa can ƙasan huhu, wata ma ta faɗa cikin jini, shi ya sa ɓarnarta ba ta tsaya ga tari da asma ba, har ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kansar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana hallaka mutum kusan miliyan 7 a shekara.

Ba sai mun je Indiya neman misali ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na maƙwabciyarmu Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, yara suka riƙa jijjiga suna mutuwa. Masu haƙar zinari ne ke kawo dutsen cikin gida, a daka a turmi, a niƙa da injin irin na hatsi, a shanya a tsakar gida. Ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurarsa ta kwanta a ƙasan da jariri ke rarrafe, ya dafa, ya kai hannu baki. Kafin likitocin ƙungiyar MSF da hukumomi su shawo kan lamarin, yara fiye da 400 sun rasu, waɗansu da suka rayu kuma ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Bagega ba ta samu wannan gyara ba sai 2013. Abin takaici, irin haka ta sake faruwa a jihar Neja a 2015.

Ko babu dalma, ƙurar dutse tana barin tabo a huhu wanda ba ya warkewa, tana kuma share wa tarin tibi hanya.

Shuka ma tana numfashi ta waɗansu ƙananan ƙofofi a jikin ganye. Manoman da ke kusa da kamfanin siminti, irin na Kalambaina da ya fara aiki a 1967 ko na Malbaza a Nijar, su ya fi kamata su lura. Ƙurar siminti idan ta sauka kan ganye takan toshe ƙofofin, ta tare hasken rana. In raɓa ta jiƙa ta, sai ta daskare ta zama ɓawon da iska ba ta kakkaɓewa, a hankali kuma ta sauya yanayin ƙasar gona. Da damina ruwan sama na wankewa. Noman rani, albasa da tumatir na fadama, shi ke shan wuya. Akwai na'urorin tace ƙura da ake sa wa irin waɗannan kamfanoni, kuma duba ko suna aiki haƙƙin hukumar NESREA ne, wadda aka kafa a 2007.

Namu kason ba ya cin kuɗi sosai. Kada a shigo da dutsen zinari gida, ko da buhu ɗaya ne. Mai aikin ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa, kuma a jiƙa dutse kafin a fasa. Rawani yana tare ƙura mai kauri kawai, takunkumin N95 ya fi shi nesa ba kusa ba. A nisanta janareta da tagar ɗakin kwana, a daina shanya zogale da kuka a bakin titi. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa, a tafi asibiti da shi; gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.